Minti Goma a Inuwa

Da aka sake buɗe makarantu bayan wata bakwai na kullen annoba, ni aka damƙa wa bindigar. Haka yara suka raɗa wa na'urar auna zafin jiki, don kamarta ɗaya da ƙaramar bindiga, kuma a goshi ake saita ta. Babu wanda ya roƙe ni. Ni na ɗaga hannu a taron malamai tun Shugabar makaranta ba ta rufe baki ba. Ni ce malamar kimiyya, ni kaɗai ke da digiri a fannin sinadarai, ni kuma aka tura horon kwana biyu a ofishin lafiya. Shekarata ashirin da huɗu, kuma a lokacin ban ga wanda ya isa ya gyara mini magana ba.

Na shirya bakin ƙofa yadda nake so. Na sa aka zana da'irori da farin fenti tun daga titi, kowane yaro ya tsaya a cikin tasa. Bokiti uku masu famfo na jera a kan tebur. Sabulu na yayyanka shi ƙanana, na ƙulle a raga, na ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa. An raba makaranta biyu: ƙananan azuzuwa da safe, manya daga ƙarfe sha biyu na rana. An daina taron safe, an hana rufe taga, an rubuta lamba a kan kowane tebur don kada wani ya zauna a na wani. Sau uku ake kaɗa ƙararrawa a yini don wanke hannu kawai. Duk wanda takunkuminsa ya zame ƙasan hanci, ni da shi ne, ko da malami ne.

Dokar bindiga ɗaya ce. Wanda ya kai talatin da bakwai da rabi, sai gida. Wanda aka mayar sau uku, sai ya yi mako biyu bai taka makaranta ba, a kuma aika sunansa ofishin lafiya. A wurin horo an gargaɗe mu cewa iyaye za su roƙa, yara za su yi kuka, wani zai ce ya san wani. Saboda haka na ƙara tawa dokar, wadda babu wanda ya sa ni: ba na auna mutum sau biyu. Abin da bindiga ta faɗa da farko shi ke nan. Ba a yi mako ba sunana ya koma Malama Bindiga. Da na ji, daɗi ma na ji.

Abokin zamana a ƙofa shi ne Baba maigadi, tsoho mai dogon benci a gindin bishiya, da butar shayi da rediyon da ke tari kafin ya yi magana. Takunkuminsa kullum a ƙarƙashin haɓa yake, wai gemunsa ma yana da haƙƙin a kare shi. Sau goma nake yi masa magana a rana, sau goma yake ce mini an gama, ranki ya daɗe, ya ja shi sama har in juya baya.

A rana ta uku ya matso kusa da da'irata ya ce, a hankali, yana ganin yaran rana da ke zuwa a ƙafa ya kamata a bar su su ɗan sha iska kafin a harbe su. Ya ce shi ma idan ya sunkuya a kan murhun shayinsa, goshinsa sai ya yi kamar dutsen guga, amma lafiyarsa ƙalau. Na tambaye shi a wace jami'a ya karanta wannan. Yaran da ke layi suka yi dariya a cikin takunkumi. Shi ma ya yi dariyar, ya koma bencinsa.

Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da ƙawayenta ke kira Farar Gira. Tunda takunkumi ya rufe rabin fuskar kowa, da ido da gira muke gane juna, ita kuma kullum girarta da ɗan fari-fari. Na ɗauka hoda ce ba ta iya shafawa ba. Doguwa ce, marar surutu, kuma a ajina ba ta taɓa sauka daga na uku ba. Ranar Litinin bindiga ta nuna talatin da bakwai da ɗigo takwas a goshinta. Na ce ta koma gida. Ta dube ni, ta juya. Talata ta zo a makare, na auna, lambar ta sake haurawa, na mayar da ita. Laraba ba ta zo ba. Alhamis ta iso da gudu-gudu, gumi ya jiƙa gefen takunkuminta, bindiga ta ce talatin da takwas.

"Malama, wallahi babu abin da ke damuna," ta ce. "Don Allah ki sake gwadawa."

"Ba na auna mutum sau biyu."

"Alhamis mai zuwa ce jarrabawar ɗakin gwaji."

Ai na sani, ni ke shirya ta. Jarrabawar ta ƙasa ce, rana ɗaya ake yi a ko'ina, da mai sa ido daga waje. Wanda bai yi ta ba, takardar sakamakonsa ba za ta fito ba, sai ya jira baɗi ya sake daga farko. Na ce mata ran yara ɗari shida ya fi jarrabawar mutum ɗaya. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na maimaita ta a ɗakin malamai. A ranar na cike takardar kai sunanta ofishin lafiya, na sa hannu, aka aika.

Litinin da ta biyo baya ina da uzuri da safe, Shugaba ta ba ni izini in zo da rana. Motar da na hau ta mutu a hanya, na rasa wata, na tako da ƙafa kusan rabin awa a cikin rana tsaka, jaka a kafaɗa. Na iso ana kusa rufe layi. Bindiga tana hannun malamin lissafi, wanda aka ba riƙo, mutum ne mai son wasa da kowa. Ya ce yau ga ranar da ya daɗe yana roƙon Allah. Na shiga da'ira kamar kowa, na ɗaga kai. Ya saita mini, ta yi ƙara. Ya duba, murmushin ya bar idonsa, ya juyo da fuskar na'urar wajena. Talatin da takwas da ɗigo biyu.

Yara wajen ashirin ne a bayana, kuma duk sun gani. Wani daga can baya ya ce, da 'yar siririyar murya irin tawa, "Ba ma auna mutum sau biyu." Ban juya ba. Na ce wa malamin lissafi ya rubuta sunana, doka doka ce, gida zan koma. Da gaske nake nufi. Sai dai tafiyar ta gajiyar da ni, Baba maigadi ya share gefen bencinsa da hula ya ce in zauna in sha ruwa kafin in kama hanya, ai mai zazzaɓi ma yakan huta.

Na zauna a can ƙarshen bencin. Layi ya ƙare, aka kaɗa ƙararrawa, malamin lissafi ya ajiye bindiga a kan tebur ya tafi aji. Iska na kaɗawa a gindin bishiyar, gumina ya bushe. Baba ya gama shan shayinsa. Can ya miƙe, ya wanke hannu da sabuluna mai igiya, ya ɗauko bindigar, ya riƙe ta da hannu biyu kamar za ta tashi.

"Ni ban iya karatun ba," ya ce. "Zan latsa, ke ki karanta."

Ya latsa. Talatin da shida da ɗigo shida.

Na karɓa na sake da kaina, sau uku. Lambar ba ta motsa ba. Sai na tuna da 'yar takardar da ta zo a cikin kwalin na'urar, wadda na ninke na cusa a aljihun jakata tun ranar farko. Na zaro ta. A shafi na biyu, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa wanda ya fito daga rana ko kusa da wuta, ko ya yi tafiya, a bar shi ya huta a inuwa minti goma kafin a auna. Makonni takardar tana yawo da ni tsakanin alli da kuɗin mota. Na karanta littattafai masu kaurin bulo a jami'a, amma ban buɗe shafi huɗun nan ba.

Baba bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da na samu abin yin fushi. Abin da ya ce shi ne, yarinyar nan mai farar gira gidan burodi ne gidansu, tun asuba take bakin tanda da uwarta, daga nan ta tako zuwa makaranta. Fari-farin nan garin fulawa ne. Ya ƙara da cewa kada in yi mata faɗa, amma tun da aka kore ta kullum tana zuwa. Tagar ɗakin gwaji tana kallon lungun bayan katanga, kuma tunda an hana rufe taga, ana jin muryata daga can. Shi ya ara mata tsohuwar jarka take zama a kai, littafi a cinya.

Na ɗauki rajistar ƙofa na buɗe. Yara goma sha ɗaya na mayar gida tun da aka buɗe makaranta. Dukkansu 'yan rana ne. Babu ko ɗaya a cikin waɗanda ake saukewa a mota.

Shugaba mace ce mai son zaman lafiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce sunan yarinyar yana ofishin lafiya, kuma ba za a bar ta ta shiga jarrabawa ba sai sun janye shi a rubuce. Sannan ta rage murya ta ce akwai hanya mai sauƙi: mu rubuta cewa na'urar ce ta samu matsala, a sayi sabuwa, magana ta mutu. Ta ce ni yarinya ce, yanzu na fara aiki, kada in ɓata takarduna.

Ba zan ce ban so ba. Na so ƙwarai, har na fara tsara jimlar a raina. Amma idan aka ce na'ura ce, gobe zan tsaya a ƙofa da sabuwa, Baba yana kallona daga benci, shi ya sani, ni na sani. Kuma wanda za a ba bindigar bayana zai ci gaba da harbin yara da zafin rana a goshi. Na ce mata na'urar lafiyarta ƙalau. Na zauna a ofishinta na rubuta wasiƙar da hannuna, na ambaci shafin da ban karanta ba, na ce an ba ni shawara na ƙi ji. Na sa sunana a ƙasa, da digirin a gefensa, yadda na saba.

Talata na wuni a ofishin lafiya. A can ma akwai da'irori, da bokiti, da wani saurayi mai bindiga a ƙofa, wanda ya harbe ni ina isowa daga rana, na ci sa'a ta tsaya a talatin da bakwai da ɗigo huɗu. Na buɗe baki zan yi masa bayani, na ga ba ni da fuskar yi. Na zauna a baranda daga tara har uku. Mai sa hannu yana taro, sannan ya fita, sannan an ce in dawo gobe. Laraba tun kafin a buɗe ƙofa ina tsaye. Da aka shigar da ni, jami'ar da ta ba mu horo ce a kujerar. Ta gane ni, don ni ce na fi kowa yawan amsa tambaya a horon. Ta karanta wasiƙar a fili, a gaban ma'aikata uku, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Ta tambaye ni ko maigadin namu yana neman aiki. Aka yi dariya. Na tsaya ƙyam, hannuna a baya, ban sunkuyar da kai ba, amma a cikin takunkumi na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Ta buga hatimi.

Da kaina na kai takardar gidan burodin. Na bi kwatancen Baba da ƙafa, don in san tsawon hanyar. Minti arba'in, kuma babu bishiya ko ɗaya daga gada har kwanar unguwarsu. Ɗaki ne mai faɗi da rufin kwano, da dogon teburin kwaɓi, da gwangwanayen burodi jere har sama. Tanda biyu ne, ɗaya a kashe. Zafin wurin ya mare ni tun daga bakin ƙofa.

Uwar Farar Gira ce ta tarbe ni, mace gajera, hannunta fari har gwiwa. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce. Ta ce ta sani, an sha kwatanta mata ni. Ta ba ni kujera, ita ba ta zauna ba. Na yi bayanina daga farko, ban rage komai ba. Tana sauraro tana shafa mai a gwangwani. Da na gama ta ce ranar Juma'a ma'aikatan lafiya sun zo da farar mota, da fararen riguna har ka, suka tsaya a ƙofar nan suka yi tambayoyi suka tafi. Duk layin ya fito kallo. Tun daga ranar masu shayi huɗu suka daina aiko da kwandunansu, shi ya sa tanda ɗaya ke hutu. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar tana gaya mini an ɗauke ruwan famfo.

Na ce, "Mama, ki yafe mini."

"Malama, ni me zan ce? Ku ne masu karatu." Ta ɗauki wani gwangwanin. "Ga ta can. Ita kika kora."

Farar Gira tana bakin tanda da dogon cebur na katako. Ta fito da jerin burodi ta sauke, sannan ta zo. Karo na farko ke nan da na ga fuskarta gaba ɗaya tun kafin annoba, ta yi sauri ta ja takunkumi sama da ta ga ni ce. Na miƙa mata takardar. Ta karanta har hatimin, ta ninke, ta ba uwarta. Na ce na ji tana zama a bayan katanga. Na tambaye ta ko akwai abin da ya wuce ta.

"Duk na ji, na rubuta," ta ce. "Sai dai kin ce a riƙa ɗiga ruwan har ya koma wannan launin, kika ce kowa ya duba da kyau, don shi za a tambaya. Ni ban ga launin ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na roƙi uwarta ta ara mini ita awa biyu. Muka kamo hanyar makaranta, tana gaba ina baya, da tazarar da ni na koya musu. Mun isa an tashi, sai Baba. Ya dube mu, ya share benci, ya nuna mana ƙarshensa biyu. Muka zauna, ita can ni nan, yana duban agogonsa da gangan. Da lokaci ya cika ya harbe mu ɗaya bayan ɗaya, ita ta karanta nawa, ni na karanta nata.

A ɗakin gwaji na haɗa mata dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, na zuba ruwan a kwalba. Na nuna sau ɗaya. Ta karɓa. Hannunta bai yi rawa ba ko kaɗan, hannun da ya saba auna yis da gishiri. Ɗigo, ta juya kwalba, ɗigo, ta juya. Ruwan ya yi ja-ja mai haske, ya ɓace, ya dawo ya tsaya. Ta ɗaga kwalbar saitin tagar nan da take zama a bayanta, ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe bai kai yadda ta zata ba, ita ta ɗauka ja ne sosai. Ta sake sau huɗu, lambobinta suka zo daidai da nawa.

Shugaba ta ce in bar wa malamin lissafi ƙofa, in huta da idon mutane. Na ƙi. Labari ya riga ya zaga, har a ɗakin malamai in na shiga sai a tambayi juna ko an karanta shafi na biyu. Na ce ni na ɓata wurin, a nan zan tsaya. Na bi gidajen sauran yara goman a kwanakin da suka biyo baya, na kuma bi masu shayin huɗu ɗaya bayan ɗaya da kwafin takarda mai hatimi. Biyu sun saurare ni. Ɗaya ya ce in matsa daga gaban teburinsa.

Ranar Alhamis ta jarrabawa na sa aka fito da benci shida daga ɗakin ajiya, aka jera su a gindin bishiya, na zana wa kowane wuri lamba. 'Yan ajin ƙarshe suka fara isowa. Duk wanda ya zo a ƙafa, Baba ya nuna masa wurin zama, shi ke riƙe da agogo, sai ya ɗaga hannu sannan in matso. Wani yaro ya tambaye ni, ido cikin ido, ko yanzu ana auna mutum sau biyu. Na ce ana yi, har sau uku.

Ita ce ta zo kusan ƙarshe, girarta fara fat. Ta wuce da'irorina ta tafi kai tsaye benci, ta gaida Baba har da rusunawa. Na tsaya da bindiga a hannu ina jira, rana tana dukan ƙeyata, mai sa ido yana leƙowa daga ɗakin gwaji yana nuna mini agogo. Ban motsa ba sai da Baba ya ɗaga hannu. Talatin da shida da rabi. Na faɗa da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

Ta wanke hannu, ta girgiza ruwan, ta gyara takunkumi. Ba ta dube ni ba. Ta wuce ta shiga, na bi bayanta da ido har ta tsaya a teburin da ke da lambarta. Sannan na juyo, Baba ya riga ya ɗaga hannu don na gaba, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa. Na buɗe baki, na rufe. Ya ja shi sama da kansa.